Daga Kantin Kwari zuwa Gwanzu: yadda na koyi kiran launi da Sinanci

Asara ce ta kai ni ƙasar Sin. Wata Hajiya da ta daɗe tana sayayya a shagon kawuna a Kantin Kwari ta ba mu aikin ankon bikin 'yarta, ta kawo ɗan ƙyalle ruwan hanta ta ce irinsa take so. Muka ɗauki hotonsa da waya muka tura wa mai yi mana sayayya a can. Ranar da kaya suka iso aka kwance dila, sai ga yadi ja wur. Hajiya ta dube shi sau ɗaya ta ce, "Alhaji, ba wannan na ce ba." Ba ta ƙara kalma ba ta fita. Yadin nan ya yi wata takwas yana shan ƙura kafin mu karyar da shi. Da lokacin sarin kayan sallah ya zagayo, Kawu ya kira ni bayan la'asar ya ce, "Bana kai za ka je. Ka tafi da idonka, ka kuma tafi da bakinka. Kada ka bari a riƙa yi maka magana kana tsaye kamar kurma."

Na tashi a farkon Disamban 2024. Zancen biza a Abuja da neman takardar gayyata ya ci mini mako uku, ba wani abin ba da labari a ciki sai jira. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano muka tashi cikin hazon hunturu zuwa Addis Ababa, inda na tarar da Hausawa kashi-kashi zaune a kan jakunkuna: 'yan Kwari, 'yan kayan waya, wasu mata biyu daga Maraɗi, da wani dattijo daga zangon Kumasi wanda ya ce wannan ce tafiyarsa ta goma sha. Daga nan kusan awa goma muka yi a sama kafin mu sauka a filin Baiyun na birnin Guangzhou, wanda 'yan kasuwarmu ke kira Gwanzu. Aka ɗauki zanen yatsuna, aka tambayi masaukina da tikitin komawa, aka buga mini hatimi. Agogonsu yana gaban namu da awa 7. A cikin jakata, ban da tufafi da garin yaji, akwai wata leda mai ɗauke da ƙyallaye talatin da ɗoriya, kowanne na maƙala masa takarda da sunansa na Hausa.

Wanda ya tarye ni wani ɗalibi ne ɗan Damagaram da ke karatu a birnin yana haɗawa da tafinta. Ya girme ni da kaɗan, Malam nake ce masa. Tun a bakin ƙofa na gaya masa abin da Kawu ya ce, na roƙe shi ya koya mini ko da sunayen launi ne kawai. Ya ce to ba sai mun je masauki ba, ga allo nan a bango. Taswirar jirgin ƙarƙashin ƙasa yake nufi, domin kowane layi da launinsa. Muka sa jakunkuna a na'urar bincike, kamar yadda ake yi a kowace tasha a garin, muka shiga layi na 3. Malam ya ɗora yatsa a kansa ya ce ruwan goro, cheng se. Muka sauya zuwa na 2, shuɗi, lan se. Daga babbar tashar jirgin ƙasa muka koma na 5, ja, hong se, muka sauka a Xiaobei, unguwar da baƙin Afirka suka fi sauka. Wannan se ɗin da ke bin kowace kalma, wanda a kunnena ya fi kama da "sa" mai fitowa daga maƙogwaro, shi ne launi. Cikakkiyar kalmar yan se ce.

Darasi na biyu a wurin canjin kuɗi ya same ni. Takardar yuan 100 ja ce, ta 50 koriya, ta 20 ruwan ƙasa, ta 10 shuɗiya, ta 5 shunayya. Malam ya baza su a kan gado ya ce in kira kowace da launinta kafin ya miƙo mini. Sai dai ban yi amfani da su sosai ba, don a can hatta mai sayar da gasasshen dankali da waya ake biyansa, ta WeChat ko Alipay. Ɗakina yuan 180 ne a kwana, ƙarami ne amma tsaf. Masu masaukin ne suka ɗauki fasfona suka yi mini rajista da 'yan sanda, kuma Malam ya ja mini kunne kada in fita ko nan da bakin titi ba tare da shi ba. Sau biyu kuwa aka tsayar da ni a unguwar, aka duba, aka mayar mini cikin ladabi.

Abinci bai ba ni wahalar da na yi tsoro ba. Kusan kowane lungu akwai shagon taliyar hannu ta Musulmin arewa maso yammacin ƙasar, da haruffa biyu a allonsa masu nufin halal, galibi a kan kore. Kwano ɗaya da yankan naman shanu yuan goma sha biyar. A nan na fara gane cewa ido ɗaya ne amma suna daban. Na nemi baƙin shayi, na haɗa kalmomin da na koya na ce hei cha. Yaron ya tsaya yana kallona. Malam ya ce abin da muke kira baƙin shayi su jan shayi suke ce masa, hong cha, saboda ruwan suke kallo ba ganyen ba. Na ɗaga kofin na duba a hasken fitila. Gaskiyarsu, ja ne.

Abin da kowa ke tsoratar da mutum da shi a Sinanci shi ne karin sauti. Suna da guda huɗu: mai tafiya a miƙe a sama, mai hawa, mai nutsewa ya taso, da mai faɗowa. Kalmarsu ta "mai" idan ta nutse ta taso saye ce, idan ta faɗo sayarwa ce, kuma duk ɗan kasuwa ya san bambancin ba ƙarami ba ne. Amma Malam ya ce Bahaushe ba shi da hujjar jin tsoro. Ya ce, "Faɗi baƙi, na launi. To faɗi baƙi, waɗanda suka zo gidanku. Faɗi fari na ƙyalle, faɗi fari na rashin ruwan sama." Na faɗa. Ya ce, "To tun kana goye kake wannan aikin, ba ka dai san sunansa ba." Maganar ta zauna mini. Daga ranar na daina haddace kalma da ido, na koma sauraren hawa da saukarta kamar mai koyon ƙira'a. Hong, lan, huang wato rawaya, da bai wato fari, duk hawa suke. Hei baƙi a miƙe yake. Zi, shunayya, shi ne mai nutsewa. Wanda ya fi wahalar da ni kore ne. A rubuce lü ne, sai ka tsuke leɓe kamar za ka ce "u" amma "i" za ta fito, sannan ka sako muryar ƙasa. Idan ka ce lu kawai, hanya ka ambata. Na yi kwana uku ina maimaita shi a gaban madubi kafin wani Basine ya ji shi bai ce in sake ba.

Rana ta uku muka shiga kasuwar yadi ta Zhongda, kusa da jami'ar Sun Yat-sen. Na taso a Kwari, na ɗauka na san abin da ake kira kasuwar yadi. Wannan benaye ne a jere, hawa a kan hawa, wani na leshi kawai, wani na maɓallai da zare kawai, ga masu kekuna suna ratsawa da naɗin yadi fiye da tsayinsu suna danna ƙararrawa. Amma tsarin cinikin namu ne: mai shago a zaune da butar shayi, yara suna jawo kaya, na'urar lissafi tana kai da komo tsakanin hannaye. Namiji laoban ake ce masa, wato maigida, mace kuma laobanniang. Su kuma pengyou suke ce mana, aboki.

A shagon wata mata mai kimanin shekara hamsin na fara gwada bakina ba tare da Malam ya sa baki ba. Yadin maza nake so ruwan toka. Na ce, "Wo yao hei se." Aka jawo mini baƙi ƙirin. Na girgiza kai na sake faɗa, aka sake jawo wani baƙin. Sai na ciro ƙyallena. Matar ta ce, "A, hui se!" Ta ɗora baƙin a hannun dama, ruwan tokan a hagu, tana ɗaga wannan ta ce hei, ta ɗaga wancan ta ce hui, har sai da na bi ta daidai sau biyar. Zuciyata ta buga, don na ga da idona yadda dila ɗari za ta iya zuwa Kano a kan kuskuren harafi ɗaya. Sannan ta jawo farantin da mijinta ke kaɗe taba a ciki, ta nuna tokar ta ce hui. Na juya na kalli Malam. Ya ce e, toka take nufi. Hui se, launin toka. Ruwan toka.

Ban san yadda zan kwatanta daɗin da na ji ba. Na yi tafiyar kwana da wuni zuwa ƙasar da ko harafi ɗaya na allunanta ba na iya karantawa, sai ga wata mata tana kiran launi da hikimar da kakata ke kiransa. Na zazzage ledata a kan teburinta. Muka shiga ɗauka ɗaya bayan ɗaya, tana faɗin nasu ina faɗin namu, Malam yana fassara. Abin da muke kira ruwan hoda su fen hong suke cewa, jan hoda, hodar dai ita ce. Cheng ɗin da na koya a jirgi ashe sunan lemon zaƙi ne. Mu goro muka gani, su lemo. Ruwan madara a wurinsu mi se ne, launin shinkafa. Ruwan ƙasa mai duhu kafei se, launin kofi, amma suna da tu huang, rawayar ƙasa, wanda ya dace da ruwan makubarmu mai haske. Ruwan sararin samaniya tian lan, shuɗin sama, babu ko bambanci. Mu muna sa "ruwan" a gaba, su suna sa se a baya, iyakar ta ke nan. Da na gaya mata ruwan ƙwai da ruwan ɗorawa duk rawaya ne a wurinmu amma mace ba za ta karɓi ɗaya a madadin ɗaya ba, ta buga tebur ta ce matan garinsu ma haka suke.

Sai muka zo kan ƙyallen Hajiya, wanda na ɓoye tun bara. Matar ta juya shi ta ce suna da suna uku. Tsofaffi suna cewa launin hantar alade. 'Yan kasuwa sun fi cewa jiu hong, jan giya. Akwai kuma zao hong, jan wani ɗan itace da suke busarwa, dangin magaryarmu ne amma ya fi ta girma. Hantar dai ita ce muka gani mu da su. Na zaɓi zao hong na riƙe, shi ne bakina ya fi sakewa da shi, kuma da ta jera su ukun shi ne ya fi kusa da na Hajiya. Kafin mu tashi ta ba ni kalmomi biyu da suka fi duk sauran yi mini amfani: shen, mai duhu, asalinsa mai zurfi, da qian da ake furtawa kamar "ciyen", mai haske. Tai shen le, ya yi duhu da yawa. Qian yidian, a ɗan ƙara haske. Da waɗannan na yi sauran cinikina. Mun yi sama da awa biyu a shagonta, abin da na saya bai taka kara ya karya ba, amma ba ta nuna gajiya ba.

Ranar Juma'a na sa farar shaddata da wata koriyar hula zanna da nake ji da ita. Malam ya gan ni a bakin masauki ya ja ni gefe ya ce, "Ɗan'uwa, ka canza hular nan." A wurin Sinawa, in aka ce namiji ya sa koriyar hula, ana nufin matarsa tana cin amanarsa. Ya ce ba wanda zai ce mini komai, sun san ni baƙo ne, amma masu shago za su riƙa ƙunshe dariya, kuma ciniki ba ya son haka. Na koma na sa fara. Muka yi salla a masallacin da ke maƙabartar da mutanen wurin ke dangantawa da Sahabi Sa'ad bin Abi Waƙƙas. Sahu ya cika har cikin itatuwa, Sinawa masu fararen huluna, Larabawa, 'yan Pakistan, 'yan Mali, mu. Bayan an idar aka baje kasuwar abinci a waje, na ci tsiren rago na tuna gida.

Kayan da za a rina mana ba a Gwanzu suke ba, sai Keqiao da ke yankin Shaoxing a lardin Zhejiang, garin da kusan ba shi da wata sana'a sai yadi. Muka hau jirgin ƙasa mai gudun tsiya daga tashar kudu, fasfo shi ne tikiti, allon cikin tarago yana nuna gudun kilomita 300 a awa. Muka wuni muna ratsa duwatsu da gonaki, muka sauya a Hangzhou. Sanyin can ba irin hunturunmu ba ne da rana ke fitowa ta gasa mutum. Jiƙaƙƙen sanyi ne mai shiga ƙashi, ga yayyafi ba ya ɗaukewa. Daren farko ban runtsa ba sai da na sa riga uku da safa biyu, da safe na sayi jibgegiyar rigar sanyi yuan 200.

A masana'antar rini aka haɗa ni da wani dattijo mai haɗa launi, yatsunsa sun rine kamar na marinan Ƙofar Mata. Ya karɓi ƙyallayena ya sa su cikin wani akwati mai fitilu iri-iri, yana kunna wannan yana kashe wancan. A gabana ƙyallen Hajiya ya rikiɗe sau uku: ƙarƙashin wata fitila ruwan hanta, ƙarƙashin wata ya ja zuwa ja, ƙarƙashin ta uku kamar ruwan ƙasa. A nan na fahimci abin da ya cinye mu bara. Fitilar shagonmu daban, idon wayarmu daban, fuskar wayar wanda ya karɓi hoton daban. Ba lalle ne wani ya cuce mu ba. Suna da littafin launuka mai lambobi da suke kira se ka, da kalma ta musamman ga saɓanin launi tsakanin samfuri da kaya, se cha. Na rubuta ta da manyan baƙaƙe a littafina. Aka rina mini samfura, na koma bayan kwana biyu. Na ce wa uku tai shen le, aka sake. Wanda na yarda da shi sai a raba biyu, in sa hannu a kan rabi su ajiye, in tafi da rabi.

Ana jiran samfuri na ƙarshe na nuna wa dattijon bidiyon rijiyoyin rini na Ƙofar Mata da ke wayata. Ya cire tabarau ya matso da fuskarsa. Da ya ga an tsamo zane daga rijiya kore-kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi, ya ɗaga kai ya ce kakansa haka yake yi a ƙauyensu. Ya ce kalmar lan da na koya a matsayin shuɗi asalinta sunan tsiron ne, wato irin nasu baban da ake rini da shi. Sannan ya rubuta mini wani harafi a bayan takarda, qing, ana furta shi kamar "cing". Tsohuwar kalma ce da ke nufin kore idan ciyawa ake magana, shuɗi idan sama ce, baƙi idan gashi ne ko zane. Ya kawo wata tsohuwar maganarsu ta fiye da shekara dubu biyu, cewa qing daga baba yake fitowa amma ya fi baban shuɗi, suna faɗinta ga almajirin da ya wuce malaminsa. Malam ya ce wannan kalmar ta daɗe tana rikita shi a makaranta. Ni kuwa ba ta rikita ni ba, domin na tuna rigar kakana. Babbar riga ce da aka tsoma a baba har ta yi duhu, aka buge ta da shuni tana walƙiya. Mai kallo zai ce baƙa ce, in rana ta haska ta ya ce shuɗiya, amma sunanta a bakin tsofaffi kore. Na sa Malam ya fassara masa wannan. Dattijon ya jinjina kai ya daɗe, sannan ya sake cika mini kofi.

Na zo da zanen Ƙofar Mata guda biyu don tsaraba, na naɗe ɗaya a farar takarda zan ba shi. Malam ya karɓa ya warware, ya shiga wani kanti ya sayo jar jaka. Fari a al'adarsu na makoki ne, ja kuwa na aure da haihuwa da arziki, shi ya sa kyautar kuɗi ma a jar ambulan ake ba da ita. Garin kuwa ya riga ya fara yin ja, fitilu da takardun ƙofa sun cika kantuna, don sabuwar shekararsu za ta kama ranar 29 ga Janairu. Wannan ne ma ya sa kowa ke gaggawa, domin ma'aikata kan watse zuwa garuruwansu a rufe masana'antu na makonni, wanda kayansa bai hau jirgin ruwa kafin nan ba ya rasa kasuwar sallah. Dattijon ya karɓi jakar da hannu biyu.

Kwanana goma sha tara a ƙasar. Na dawo ta hanyar da na bi, da littafi mai kalmomi kusan sittin da rabin samfura goma sha ɗaya a aljihun gaba, ban yarda na sa su a jakar awo ba. Kaya suka iso Kano ta Legas azumi yana da kwana shida. Kawu bai bari a buɗe su a cikin shago ba, ya sa aka fito da dilolin bakin layi inda rana take. Yana ɗora samfuri a kan yadi, yana matsawa baya, yana dubawa. Ruwan hantar ya zauna daram, har ya sa yaro ya yanki ƙyalle ya kai wa Hajiya gida. Goma sun dace. Na goma sha ɗaya, wani ruwan bula, ya fi samfurinsa duhu kaɗan, yadda sai mai sana'a zai lura. Kawu ya ce, "To, yanzu sai yaya?" Na duba agogo, ƙarfe goma na safe, can biyar na yamma, ba su tashi ba tukuna. Na ɗora samfurin a kan yadin na ɗauki hoto, na danna wayar na ce, "Laoban, you se cha. Tai shen le." Ba a yi minti goma ba amsa ta shigo da murya, doguwa, na tsinci kalma huɗu a ciki. Sauran na tura wa Malam.